Nasiha Ga Ƙannena: Yadda Tawul Zai Daɗe Da Laushinsa

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka fara ɗaukar nauyin wankin kanku, ko a makarantar kwana, ko a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a, ko a wurin bautar ƙasa, ko kuma a sabon ɗakin aure, yau maganata da ku a kan wani abu ne da ake rainawa alhali kullum sai ya taɓa jikinmu, wato tawul ɗin wanka.

Kukan iri ɗaya ne a ko'ina. An sayo tawul a Kantin Kwari, ko an same shi cikin kayan lefe, lallausa gwanin daɗin taɓawa. Kafin a je ko'ina sai ya ƙandare kamar busasshiyar fata. In an goga a fuska ya karce ta, in an goga a jiki ya ƙi shan ruwa. Daga nan sai a ɗora wa ɗan kasuwa laifi, a ce jabu ya sayar. Wani lokaci hakan ne, amma sau da yawa tawul ɗin lafiyarsa ƙalau, irin wankin da aka yi masa ne ya kashe shi. Abin mamaki ma, masu ƙwazon wanki sun fi malalata saurin ɓata tawul, domin su ne ke zabga omo, su cuɗe da iya ƙarfinsu, su murɗe shi tamau, sannan su bar shi a rana tun hantsi har la'asar sakaliya.

Abu ɗaya nake so ku riƙe. Laushin tawul tun daga masaƙa yake zuwa da shi, yana cikin saƙarsa. Aikin mai wanki shi ne ya fitar da duk abin da ya maƙale a cikin zaren, har da sabulun da shi kansa ya saka, sannan ya bar zaren ya bushe a sake. Duk sauran bayanin da zai biyo baya rassan wannan magana ne.

Ku ɗauki tawul ku kusanto da shi ido, ku buɗa gashinsa da yatsa. Za ku ga ashe ba gashi ba ne, ƙananan madaukai ne na zaren auduga, dubbai a jere, kowanne ya taso daga gindin ƙyallen ya lanƙwasa ya koma. Masaƙan Turkiyya, musamman na birnin Bursa, su suka yi suna da wannan salon saƙa, kafin kamfanin Christy na Ingila ya fara yin sa da inji a wajajen 1850, daga nan ya bazu a duniya. Waɗannan madaukai su ke yin aiki biyu a lokaci guda. Su ke shan ruwa, domin sun ninka yawan zaren da ke haɗuwa da fata, su ne kuma ke kawo laushi, domin idan aka danna su sukan lotsa su sake miƙewa. Muddin suna tsaye, kowanne daban da ɗan'uwansa, iska na ratsa tsakaninsu, to tawul zai kasance lallausa. Ranar da suka manne da juna ko suka kwanta, ranar kaushi ya shigo. Matsalar ita ce saƙar da ke riƙe ruwa ita ce kuma ke riƙe sabulu da maiƙo da ƙura, kuma ba ta sakinsu da sauƙi yadda yadin shadda ko atamfa ke saki.

Mu fara da omo, domin shi ne babban mai laifi. Da yawanmu mun tashi da tunanin cewa yawan kumfa shi ne alamar wanki ya yi kyau. Sai a yage leda guda a juye a kan tawul ɗaya, kumfa ta cika baho har tana zuba. Datti ɗan kaɗan ne a jikin tawul, tunda jikin da aka wanke ake gogewa da shi: ragowar maiƙon fata ne, da matattun ƙwayoyin fata, da ɗan gumi. Omo kaɗan ya ishe su. Wanda ya yi saura kuwa sai ya shige can gindin madaukan ya zauna. Idan ruwa ya bushe, shi ba ya bushewa ya tafi, sai ya daskare a jikin zaren. Wanki na gaba a ƙara wani a kansa. Haka zai yi ta taruwa har tawul ya sandare, ya riƙa wani irin ƙauri idan ya jiƙe, mai shi kuma ya ɗauka datti ne ya ƙara zuba omo. Ga tawul babba guda ɗaya a cikin ruwa lita 10, cokalin cin abinci ɗaya ya wadatar, in ya yi datti sosai a sa biyu.

Ga yadda wankin hannu ya kamata ya kasance. A zuba ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, domin ɗumi ke narkar da maiƙo. A sa omo a cikin ruwan, a kaɗa da hannu har sai an daina jin tsakuwar garin a ƙasan baho, sannan a tsoma tawul. Kada a barbaɗa garin a kan tawul kai tsaye, domin ƙwayoyin da ba su narke ba za su ɓuya a cikin saƙar. A bar shi ya jiƙu kamar minti 20 zuwa 30. Wannan jiƙon shi ke yin rabin aikin. Bayan haka a riƙa danna shi cikin ruwan ana ɗagowa, ana matsawa ana saki, yadda ruwa zai riƙa shiga yana fita ta cikin zaren. Inda aka ga tabo, nan kaɗai za a cuɗa, shi ma a hankali. Kada a goga tawul a kan dutse ko siminti, kada kuma a sa masa buroshi, domin hakan na tsinka madaukan. A wanke shi shi kaɗai ko tare da 'yan'uwansa tawul-tawul, fari da fari, mai launi da mai launi.

Sai ɗauraya, wadda ita ce zuciyar aikin, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin a lokacin an gaji, ruwa kuma ya kusa ƙarewa. Tawul yana buƙatar ruwa uku, kuma tsakanin kowane ruwa da na gaba a matse shi sosai, don kada a kwashi ruwan sabulu a kai cikin mai tsabta. Alamar an gama ita ce a matsa shi a cikin ruwa a ga babu kumfa, a murza yatsu a ji babu santsi. Na san inda ake sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa wannan magana tana da nauyi. Amma ku lura, wanda ya rage omo ya rage ruwan ɗauraya da kansa, ga kuɗin omo ya ragu. Ruwan ɗauraya na ƙarshe kuma ba na zubarwa ba ne, ana iya fara wankin wasu kaya da shi ko a wanke banɗaki.

Akwai kuma wanda zai bi duk waɗannan ƙa'idoji amma tawul ɗinsa ya ƙi laushi. To shi sai ya binciki ruwansa. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan kwaso sinadaran kalsiyam da maganiziyam daga duwatsun da ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa, musamman inda ake da farin dutsen da ake yin siminti da shi, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Malbaza ta Nijar. Gane irin wannan ruwa ba wuya. Ku leƙa cikin butar dafa shayi ko tukunyar da ake dafa ruwan wanka, idan kuka ga farin ɓawo ya manne a gindinta, to shi ne. Ko ku zuba ruwan a gora, ku kankara ɗan sabulun wanka a ciki ku girgiza. Idan ya ƙi yin kumfa sai dai ya yi fari-fari da ɗan gudaji yana yawo a sama, ruwan na ɗauke da sinadaran. Wannan gudajin shi ne abin da ke samuwa idan sabulu ya haɗu da kalsiyam. Ba ya narkewa, kuma shi ne ke liƙewa a zaren tawul ya sa shi kaushi, ya mai da farin tawul ruwan toka.

A irin wannan ruwa, omo ya fi sabulun sanda dacewa da tawul, domin an haɗa shi da sinadaran da ke kama kalsiyam su hana shi yin gudaji. Alif yana kwantar da laka ya sa ruwa ya yi garau, amma ba ya cire waɗannan sinadarai, don haka kada garau ɗin ruwa ya ruɗe ku. Ruwan sama shi ne sarkin ruwan wanki, tunda bai ratsa dutse ba. Da damina a bari zubar farko ta wanke rufin kwano, sannan a tara, a yi wankin tawul da shi, ko aƙalla a yi ɗaurayar ƙarshe da shi. Idan babu, sai a nemi farin ruwan khal, wanda wasu ke kira binega. Tsaminsa yana narkar da abin da kalsiyam ya bari, yana kuma karya ragowar omo. Rabin kofin shayi a cikin bokitin ɗauraya na biyu ya isa. A bar tawul a ciki kamar minti 10, sannan a ɗauraye da ruwa zalla. Warin khal ɗin yana tafiya idan tawul ya bushe. Inda ba a samu khal ba, ruwan lemon tsami da aka tace yana yin irin aikin. Ba kowane wanki ake buƙatar wannan ba, sau ɗaya a wata ya wadatar.

A nan dole in ja kunnenku da babbar murya. Kada ku kuskura ku haɗa khal ko lemon tsami da ruwan bilic irin su Hypo da Jik a cikin baho ɗaya. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin, guba ce mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a cikin rufaffen banɗaki tana iya kai mutum asibiti. Shi kansa bilic ɗin ba abokin tawul ba ne. Yana sa fari ya yi fes, amma yana cin zaren auduga a hankali, har wata rana a ga tawul yana yagewa da ɗan ja kaɗan. In ya zama dole, to ga farin tawul kawai, a tsarma shi da ruwa mai yawa, a taƙaita jiƙon, a ɗauraye sosai. Sitati kuwa nasa wurin daban ne. Idan kun kai kaya wurin mai wanki da guga, ku gaya masa ƙarara cewa tawul ba ya son sitati, domin wasu sukan tsoma duk kayan a ruwa ɗaya.

Sai kuma abubuwan da ke lulluɓe zaren su hana shi shan ruwa. Na farkonsu shi ne ruwan nan mai ƙamshi da ake sayarwa a kwalba don sa tufafi laushi. Yadda yake aiki shi ne ya shafa wa zaren wani siririn maiƙo, sai hannu ya ji santsi. Ga riga da zanin gado ba laifi, amma tawul aikinsa shan ruwa ne, maiƙo kuwa korar ruwa yake yi. Wanki bayan wanki sai ya taru, tawul ya yi nauyi, ya riƙa tura ruwa a jiki maimakon ya tsotse shi. Ku gwada da kanku: ku ɗiga cokalin ruwa a kan busasshen tawul. Idan ya nutse nan take, lafiya. Idan ya tsaya ya yi ƙwallo yana gangarawa, to zaren ya toshe. Na biyu shi ne man da muke shafawa. Basilin da man kaɗanya da man kitso duk suna komawa jikin tawul idan aka goge hannu da shi bayan shafa mai, ko aka ɗaura shi a ka bayan an fito daga wurin kitso. Ku 'yan mata, ku ware wa gashi nasa ƙaramin tawul, da wani tsohon ƙyalle na ranar lalle da rini. Na uku shi ne turare. Babu mai hana amarya turara kayanta, amma a bari tawul ya bushe sarai kafin a ɗora shi a kan kabbasa, kuma a yi sama-sama, domin hayaƙin turaren wuta yana ɗauke da mai da ƙaro. Humra kuwa ta jiki ce, kada a zuba ta a kan tawul.

Yanzu mu zo kan shanya, inda ake yin asarar duk wahalar da aka sha a wanki. Da farko matsewa. Murɗa tawul da ƙarfi, musamman irin wanda mutum biyu ke kama bakin nan da bakin can suna juyawa, yana kwantar da madaukan, yana kuma gajiyar da zaren gindi har tawul ya karkace. A ninka shi biyu, a bi shi da matsa daga sama zuwa ƙasa, ruwan da ya rage ya ɗige da kansa a kan igiya.

Kun taɓa tambayar kanku me ya sa ko tawul ɗin da aka ɗauraye da kyau yakan ɗan sandare idan ya bushe a igiya? Masana na Jami'ar Hokkaido da na kamfanin Kao a ƙasar Japan sun wallafa bincike a kan haka a 2020. Sun gano cewa ko bayan auduga ta bushe, akwai wani siririn ruwa da ke liƙe a bayan kowane silin zare, kuma shi ne ke manne silin da maƙwabcinsa idan suka bushe a haɗe ba tare da motsi ba. Wannan mannewar ba ta da ƙarfi, motsi yana karya ta. Shi ya sa tawul ɗin da ya bushe a cikin injin busarwa, yana juyawa yana faɗuwa, yake fitowa lallausa. Mu da ba mu da injin, hannunmu ya ishe mu. Kafin a shanya, a kama kusurwa biyu na tawul a kaɗa shi da ƙarfi har a ji yana ƙara fat-fat, kamar sau goma, sannan a juya a kama ɗaya gefen a maimaita. Ku dube shi bayan haka, za ku ga madaukan da suka kwanta sun miƙe. Idan ya sha iska ya kusa bushewa a sake kaɗawa, haka kuma idan an zo kwashewa. In har da sauran tauri, a murza shi tsakanin tafin hannu biyu, yanki-yanki. Duk aikin bai fi na minti biyu ba, kuma ya fi duk abin da za ku saya a kwalba amfani.

A shanya shi a buɗe, a miƙe a kan igiya, a wurin da iska ke kaɗawa. Rana tana da amfani, tana kashe ƙwayoyin cuta tana korar wari, amma da zarar tawul ya bushe aikinta ya ƙare. Abin da ya biyo baya ɓarna ce: launi ya koɗe, zare ya yi rauni ya ƙara ƙandarewa. Don haka a kwashe shi da wuri. Kada a shimfiɗa shi a ƙasa, ko a kan yashi, ko a kan katangar da ba a share ba. Ban da datti, a yankunanmu na Afirka akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai yashi da jikin tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsarsa takan shiga fata ta fito da maruru mai tsutsa a ciki, kuma yara ƙanana sun fi faɗawa hannunta. Igiya da rana su ne rigakafin farko. Guga tana danne madaukan tawul, shi ya sa ba a so a goge shi, amma inda aka san ana fama da wannan ƙuda, lafiya ta fi laushi, musamman ga tawul ɗin jariri. A goge shi ciki da baya, in ya huce a kaɗa shi sosai don madaukan su tashi.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma kowane lokaci na shekara da irin kulawar da yake nema. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, tawul kan bushe cikin ɗan lokaci, amma iskar tana tafe da ƙurar da ta kwaso daga hamada, har daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Jiƙaƙƙen tawul kuwa kama ƙura yake yi, ta shige cikin saƙar ta ƙara masa kaushi. Ranar da hazo ya yi yawa a shanya a baranda ko a cikin ɗaki kusa da taga, zai bushe duk da haka. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Maiduguri da Sakkwato da Yamai, a yi wanki da sassafe ko da yamma, kada a bar tawul ya yini a tsakar rana. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, matsalar ita ce rashin bushewa. Tawul ɗin da ya kwana biyu da danshi yakan yi tsami, ya fara fumfuna, baƙaƙen ɗigo su fito masa waɗanda ba sa fita da sauƙi. A nan gara mutum ya mallaki guda biyu marasa kauri yana musanyawa, a kan guda ɗaya mai kauri da ba ya bushewa. Fanka ma tana taimakawa idan an sami wuta.

Abin da ake yi wa tawul tsakanin wanki da wanki shi ma yana da nasa tasiri. Bayan wanka a buɗe shi a rataye inda zai sha iska. Rataya shi a dunƙule a kan ƙusa bayan ƙofar banɗaki, ko jefa shi a kan katifa, ko cusa shi cikin akwati saboda ana sauri a tafi aji, duk suna riƙe danshi a ciki, danshi kuma shi ne gidan ƙwayoyin cuta. A wanke shi bayan an yi amfani da shi sau uku ko huɗu, kada a jira sai launinsa ya sauya, domin dattin da ya daɗe sai da wanki mai tsanani yake fita, wanki mai tsanani kuma shi ke cinye tawul. Ku 'yan makarantar kwana, na san kunyar hana aboki aro, amma tawul ba kayan aro ba ne. Makero da ƙazwa da ciwon idon nan da ake kira afolo duk suna bi ta tawul daga wani zuwa wani. Hana aron kariya ce gare ku da shi kansa mai roƙon. Idan wani a gida ya kamu da ɗaya daga cikinsu, a ware nasa, a wanke shi shi kaɗai da ruwa mai zafi sosai. Wajen adanawa kuma a ninke shi sakwa-sakwa ko a naɗe, kada a danne shi a ƙarƙashin tulin kaya.

Wanda Allah ya hore wa injin wanki, ƙa'idar ba ta sauya ba. Kada a cika injin maƙil, a bar wa tawul wurin juyawa. A sa rabin omon da aka saba sawa, a ƙara zagayen ɗauraya ɗaya. Zafin digiri 40 ya isa wankin yau da kullum, a kai 60 lokaci-lokaci ko idan akwai rashin lafiya a gida. Kada a haɗa shi da kaya masu zif ko ƙugiya, domin suna fizgo zaren. Idan zare ya fizgo, a yanke shi da almakashi daidai gindinsa, kada a ja. Khal a cikin inji sai jefi-jefi, domin yawansa na iya taɓa robobin injin. Mai injin busarwa kuma ya sa matsakaicin zafi, ya fitar da tawul da zarar ya bushe.

Tawul ɗin da ya riga ya ƙandare fa? Kada a yi saurin yanke masa ƙauna. A jiƙa shi a ruwan zafi da kofi ɗaya na khal, ba tare da omo ba, na tsawon awa guda. Za ku yi mamakin ganin ruwan ya yi dishi-dishi har da kumfa, alhali ba ku sa sabulu ba, tsohon da ya taru ne yake fita. A ɗauraye, sannan a sake jiƙa shi a wani ruwan ɗumi da rabin kofin bekin soda, wanda ke cire wari da sauran maiƙo. A yi su ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka zuba su tare kashe juna suke yi, sai dai a ga kumfa ta banza. A ɗauraye, a kaɗa, a shanya. Idan madaukan suna nan ba su cinye ba, yawanci laushi yakan dawo.

Ranar da za ku sayi sabo, kada laushin kanti ya ruɗe ku. Masana'antu sukan shafa wa sabon tawul sinadarin da ke sa shi santsi da sheƙi, wanda wanki ɗaya ko biyu ke tafiya da shi. Shi ya sa ma ake wanke sabon tawul kafin a fara amfani da shi, don ya fara shan ruwa yadda ya kamata. Ku duba takardar da ke jikinsa ku tabbata auduga ce zalla. Ku buɗa madaukan, idan kuna hango gindin ƙyallen da sauƙi, saƙar ba ta cika ba. Ku duba ɗinkin bakinsa, domin ta nan tawul ke fara warwarewa. Ana auna kaurin tawul da nauyin giram a kowace murabba'in mita, daga wajen 300 zuwa 900. Ga mai wanki da hannu, tsakanin 400 da 600 ya fi dacewa, domin mai kauri sosai yana shan ruwa da omo da yawa, ga nauyin matsewa, ga jinkirin bushewa. Araha ba ta ado, amma mafi tsada ma ba lallai ya dace da halin da kuke ciki ba. Na gwanjo kuwa, a wanke shi da ruwan zafi sosai a shanya a rana kafin ya taɓa jiki.

Kowane tawul yana da iyakar kwanansa. Idan madaukan suka cinye har tsakiyarsa ta zama sumul, babu dabarar da za ta dawo da su. A yanka shi gida-gida, a kalmashe bakin, ya koma tsumman goge ɗaki ko na goge babur, a sayi wani. Amma tsakanin ranar saye da wannan rana akwai shekaru ga wanda ya iya riƙo, akwai kuma 'yan watanni ga wanda bai iya ba, kuma a wannan zamani na tsadar kaya bambancin kuɗi ne na gaske a aljihun ɗalibi da na sabon magidanci. Don haka a wankinku na gaba ku gwada abu uku kawai: ku rage omo zuwa cokali ɗaya, ku ɗauraye har santsi ya ɓace, ku kaɗa kafin shanya da bayanta. In kun ga bambanci, ku koya wa na ƙasa da ku, domin su ma ba da daɗewa ba wankin zai dawo hannunsu. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a cikin abin da kuka mallaka.